Gudu ba takalmi a tsakiyar bazara: ƙafa za ta saba ko ƙonewa take yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne, shekarata 21, daga wani ƙauye a yankin Gumel ta jihar Jigawa. Ina shirin neman aikin soja, shi ya sa na fara atisayen gudu. Kambas ɗina ya yage, kuɗin sabo kuwa sai in an yi kaka. Tun ina yaro ba takalmi nake zuwa gona da kiwo, tafin ƙafata ya yi kanta sosai. Wani abokina ya ce gudu ba takalmi ma ya fi lafiya, wai har wani ɗan Habasha ya ci gasar duniya a haka. To amma yanzu bazara ce, kuma sai bayan Azahar nake samun sarari, don da safe ina kai taki gona. Makon jiya ƙafata ta yi bororo guda biyu, wani lokaci kuma in na tsaya sai in ji jiri. In daure har ƙafar ta saba, ko in bari?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya cika maka burinka. In na fahimce ka, so kake ka san ko kantar da ƙafarka ta tara tun yarinta za ta tsaya maka a madadin takalmi kafin ka samu na sabo, da kuma ko bororon nan wahalar farko ce da za ta wuce in an daure. Ƙafa irin taka za ta iya gudu ba takalmi, wannan ba na shakka. Amma ba a kan ƙasar bayan Azahar a watan Afrilu ba. Wannan gudun ka dakatar da shi tun yau. Kuma a duk abin da ka rubuto, jirin nan da ka ambata can ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai, fiye da bororon nesa ba kusa ba.

Aikina koyar da motsa jiki ne a makarantun sakandare na karkara, kuma yawancin yaran da na horar don gasar tsere ba su da takalmin gudu. Wasu ma ko suna da shi, da an zo layin farawa sai su cire su ajiye. Don haka ni ban ɗauki rashin takalmi wani abin kunya ba. Na ga yaran da suka yi fice a haka, na kuma ga waɗanda zafin ƙasa ya zaunar da su makonni ba sa iya taka ƙafa.

## Ɗan Habashan da abokinka ya ji labarinsa

Abokinka gaskiya ya faɗa. Sunan mutumin Abebe Bikila, shi ma soja ne, cikin masu tsaron Sarkin Habasha na lokacin, Haile Selassie. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ya yi gudun dogon zango na kilomita 42 ba takalmi, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Sai dai labarin yana da saura. A watan Satumba aka yi gudun, da yammaci aka fara, dare ya riske su a hanya har sai da aka riƙa haska musu titi da wuta. Ƙasar da ya yi horo kuma tudu ce mai sanyi, don Addis Ababa, babban birnin Habasha, ya haura mita 2,300 sama da teku. Da aka je Tokyo a 1964 ya sake lashe gasar, wannan karon da takalmi, kuma ya fi na farko sauri.

Masana sun yi nazari a kan wannan batu. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun fitar da bincike kan masu gudu a Kenya da Amurka, suka nuna cewa waɗanda suka tashi ba takalmi galibi da gaban tafin ƙafa ko tsakiyarsa suke sauka, ba da dunduniya ba, kuma hakan yana rage ƙarfin bugun farko da ke hawa ƙwauri da gwiwa. Wannan amfani ne na gaske, kai kuma mai yiwuwa kana da shi tun tuni ba tare da wani ya koya maka ba. Amma nauyin bai ɓace ba, wuri ya sauya: ya koma kan sha-raɓa da agara da ƙananan ƙasusuwan bayan yatsu. Shi ya sa mutumin birni da ya cire takalmi rana ɗaya ya kama gudu yakan ƙare da ciwon agara ko tsagewar ƙashi. Kai wannan ba ita ce babbar matsalarka ba.

## Zafin ƙasa daban, zafin gari daban

In ka ji a rediyo an ce yau zafi ya kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, iska aka auna, a inuwa, sama da ƙasa. Ƙasar da rana ke duka tun hantsi ta fi haka sosai. A irin wannan rana kwalta tana iya wuce digiri 60, busasshen rairayi ma yana kaiwa wajejen nan. Ai ka san da yashi ake soya gyaɗa, don yana ɗaukar zafi ya riƙe ya kuma miƙa wa duk abin da ya nutse cikinsa. Fatar mutum kuwa tana fara lalacewa tun daga wajen digiri 44 in an daɗe a haɗe da abu mai zafin, a digiri 60 kuma 'yan daƙiƙu sun isa.

Za ka ce ai mai gudu ba tsaye yake ba, yana taɓa ƙasa ne ya ɗaga. Haka ne, shi ya sa ba ka ƙone a minti na farko ba. Amma kowace ƙafa tana dukan ƙasa sau 80 ko fiye a minti ɗaya, kuma ɗan lokacin da take yi a sama bai isa ta huce ba. Zafin taruwa yake yi, ga gogayya a kansa. Can ƙarƙashin kantar sai fata ta rabu da 'yar'uwarta, ruwa ya taru, ka ga bororo.

Nan ne nake so ka gane ni da kyau, don a nan yawancin matasa ke ruɗuwa. Kanta tana kare ka daga tsakuwa da kaushin ƙasa, kuma gaskiya ne tana ƙaruwa da yawan taku. Zafi kuwa jinkirta shi kawai take yi, ba ta tare shi. Naman da ke ƙarƙashinta irin na kowa ne, kuma zafin da zai dafa na ɗan birni shi zai dafa naka. Babu atisayen da ke sauya wannan. Ƙari a kan haka, bororon da ya fito a ƙarƙashin kanta mai kauri ya fi zurfi, ya fi jinkirin warkewa, kuma in ya fashe yakan ɗaye kantar gaba ɗaya ya bar jan nama a fili. Abin da ƙafa ta yi shekaru tana ginawa sai ya tafi a yini ɗaya, ka dawo da sabuwar fata mai laushi. Wanda ya ce maka ka daure ƙafa za ta saba, ƙafar da kake taƙama da ita ce za ka rasa.

Ba duk ƙasa ce ɗaya ba. Kwalta ta fi kowacce muni, don baƙa ce kuma tana riƙe zafi har bayan Magariba, saboda haka titin Gumel zuwa Maigatari ka bar wa masu takalmi. Daɓen siminti ma ba ya wasa, duk wanda ya taɓa ratsa harabar masallaci ranar Juma'a a wannan lokaci ya sani. Burji yana cin fata da tsakuwarsa. Rairayi mai zurfi irin na yankinku yana da nasa sharrin da rana, domin ƙafa nutsewa take yi, zafin ya taɓa tsakanin yatsu da bayan ƙafa inda babu kanta ko kaɗan. Abin da na fi so wa yarana shi ne fako mai tsabta ko filin ƙwallon da aka saba takawa. Kafin mu fara nakan sa su ɗora bayan hannu a ƙasa su ƙirga zuwa goma a hankali. Wanda ya kasa cikawa, to ba a cire takalmi ranar.

## Ka mayar da gudun bayan Asuba

Ƙasa ta fi sanyi dab da fitowar rana, bayan ta kwana tana fitar da zafin jiya. A watan Afrilu rana na fitowa ne jim kaɗan bayan ƙarfe 6. In ka idar da Asuba ka jira gari ya waye yadda za ka iya ganin abin da kake takawa, ka yi minti 30 zuwa 40, kana gida kafin ƙarfe 7, ka karya kumallo ka ɗaura wa jaki mangala ko ka ja amalanke. Takin ba zai makara sosai ba. In maigida ne ke tsara aikin, ka same shi cikin ladabi ka yi masa bayanin abin da kake nema, na tabbata ba zai hana ka wannan ɗan lokacin ba. Kada ka fita cikin duhu ba takalmi, don lokacin zafi kunama da kububuwa da dare suke yawo. Gudun yamma dab da Magariba yana yiwuwa, amma da takalmi, saboda ƙasa ba ta gama hucewa ba. Ko sallar Azahar an zo da hadisi ingantacce cewa a jinkirta ta in zafi ya tsananta, balle gudun da kai ka ɗora wa kanka.

Bazara tana da wasu tarkuna ban da zafi, kuma kai da ke aikin gona ka fi ni sanin su. Lokacin sharar gona ne, ana tara kara ana ƙonawa, toka ta yi fari a sama garwashi yana raye a ƙasa har washegari. Tushen dawa da gero da aka sare yana nan a tsaye da kaifinsa. Ƙarangiya da tsidau sun bushe sun baje a burtali, ga ƙayar aduwa da bagaruwa. Takin ma da kake kaiwa, musamman wanda aka kwaso daga juji, yakan zo da fasasshiyar kwalba da ƙusa da gwangwani. Mai tafiya yana ganin waɗannan ya kauce, mai gudu kuwa da duk nauyinsa yake sauka a kansu. Ƙwayar cutar tetanus, wadda ke sandarar da jiki ta ƙage haƙora, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zaune, kuma rauni mai zurfi mai ƙaramin baki irin na ƙaya ko ƙusa ta fi so. A wajenmu mata masu ciki aka fi yi wa allurarta, samari da yawa rabonsu da ita tun suna jarirai. Ka nemi a yi maka.

Kada kuma sanyin fadama ya ja ka. Ƙasa mai laima a inuwa, musamman inda mutane ke kewayawa, nan 'ya'yan tsutsar ciki mai shan jini ke rayuwa, ta fatar ƙafa suke shiga. Ƙarancin jini suke jawowa, mai ƙarancin jini kuwa ba ya dogon gudu. Shiga ruwan kududdufi ko na magudanan noman rani don sanyaya ƙafa shi ma hanyar kamuwa da tsargiya ne, wadda sananniya ce a kwarin Haɗeja.

## Maganar jirin

Mai gudu jikinsa wuta yake haɗawa daga ciki, kuma babbar hanyar fitar da ita gumi ne. A irin zafinmu mutum yana iya zubar da lita 1 zuwa 2 na gumi a awa ɗaya. In iskar gari ta fi jiki zafi, kamar yadda take da rana tsaka a bazara, ba sanyaya ka take yi ba, ƙara maka take yi. Jini yana rabuwa biyu, wani ya tafi tsoka don aiki, wani ya tafi fata don fitar da zafi, ruwan jiki kuma yana raguwa. Da ka tsaya cak sai jini ya taru a ƙafafu, wanda ke zuwa kai ya ragu, ka ji duniya na juyawa. Kai kuma kafin ka fara gudun ma ka riga ka sha rana a wajen taki tun safe, wato da gibin ruwa kake farawa.

Wannan jirin gargaɗi ne. Matakin da ke gaba da shi shi ne ciwon kai, tashin zuciya, murɗewar tsoka da kasala mai tsanani. Wanda ya wuce nan kuma shi ne bugun zafi, inda zafin cikin jiki ke haura digiri 40, mutum ya fara surutai marasa kan gado, ko tangaɗi, ko faɗa ba dalili, ko ya faɗi. Yana kashe matashi mai ƙarfi cikin ƙanƙanin lokaci, kuma masu zuciyar dauriya irin masu neman soja ya fi kamawa, don su ne ba sa tsayawa. Kada ka jira sai gumi ya ɗauke, mai gudu yana iya shiga wannan hali yana jiƙe sharkaf. In ka ga abokin gudu a haka, kada a tsaya cewa iska ce ta taɓa shi. A kai shi inuwa, a cire masa kaya, a yi ta kwarara masa ruwa mafi sanyi da ake da shi a duk jiki ana yi masa fifita, a ci gaba da haka har a kan hanyar asibiti. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. Saboda haka ma nake ba ka shawara ka samu abokin gudu, kada ka riƙa nisa da gari kai kaɗai.

Ruwa tun dare ake fara shansa, ba sai an ji ƙishi a hanya ba. Ka duba fitsarinka da safe: in fari-fari ne ka fita, in ya yi ja sosai ka sha ruwa ka rage gudun ranar. In kuwa bayan gudu ka ga ya yi baƙi-baƙi ga ciwon tsoka mai tsanani, wannan asibiti ne ranar, domin alama ce tsoka ta lalace tana barazana ga ƙoda. Ranar da ka zubar da gumi da yawa, kunu ko fura da abinci mai ɗan gishiri suna mayar da abin da aka rasa, ko ka haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ranar da kake azumi ka huta, ko ka yi ɗan kaɗan bayan buɗa-baki da takalmi a wuri mai haske. Ƙwayoyin kashe ciwo da wasu samari ke sha kafin atisaye, balle tiramadol, ka nisance su. Suna rufe maka ciwon da ya kamata ya tsayar da kai, wasunsu kuma suna cutar da ƙoda in jiki ba ruwa.

Jiki yana sabawa da zafin gari, wannan kam gaskiya ne, cikin kwana 10 zuwa 14 na atisaye a hankali gumi yakan fara fitowa da wuri, zuciya ta rage wahala. Zafin safiyar bazara da aikin gonarka sun ishe ka samun wannan sabon.

Ni daga nan ba zan iya duba ka ba, kuma ni ba likita ba ne, jiri kuwa yana da wasu dalilai kamar ƙarancin jini da zazzaɓin cizon sauro. Ka je asibitin da ke kusa a auna jininka, ka kuma nemi gwajin sikila in ba ka taɓa yi ba. Kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya AS ne, wato ya gaji sikila daga ɓangare ɗaya kawai na iyayensa. Mai AS lafiyarsa ƙalau, yana gudu yana aikin ƙarfi, amma ya fi sauran mutane haɗarin faɗuwa in aka haɗa masa gudu mai tsanani da zafi da ƙishi, don haka gara ya san kansa. Mai ciwon suga ko duk wanda ƙafarsa ke dindiris ba ya jin taɓi sosai, shi kam ba ruwansa da tafiya ba takalmi sam.

## Takalmin ma kana buƙatarsa

Ko da ƙasa ba zafi, ba zan so ka yi duk horonka ba takalmi ba. Aikin da kake nema da kambas da but ake yin horonsa. Ƙafar da ba ta saba da takalmi ba tana yin bororo a dunduniya da kan yatsu tun ranar farko, wuraren da kantarka ba ta kai ba. Kai wa shumeka yagaggen naka ya gani tukuna, sau da yawa ɗinki da faci suna ba shi wasu watanni. In bai gyaru ba, na gwanjo ya wadatar, sai dai ka zaɓi mai faɗin gaba da ɗan sarari a gaban babban yatsa, don ƙafar da ta tashi ba takalmi faɗi gare ta. Takalmin roba irin na makiyaya da safa mai kauri yana yi na ɗan lokaci. Ko na taya mai maɗauri a dunduniya kada ka raina, akwai wata al'umma a duwatsun Meziko, Rarámuri, da suka yi suna wajen dogon gudu da irinsa. Silifas ne kawai ban yarda da shi ba, yana zamewa ya jawo targaɗe.

Bororon da kake da shi yanzu ka bar shi ya warke sarai kafin ka koma. Kada ka ɗaye fatar, kada ka yanka da reza. Ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka rufe da bandeji, ka sa takalmi in za ka wajen taki. Ban da makilin, ban da baƙin mai, ban da toka. In ka ga wurin ya yi ja yana faɗaɗa, ko mugunya, ko kaluluwa a matsematsi, ko zazzaɓi, ka tafi asibiti ba sai gobe ba. Nan gaba in ƙafa ta ƙone, a zuba mata ruwa mai sanyi irin na randa har minti 20, ba ƙanƙara ba. Da dare ka riƙa wanke ƙafa ka shafa man kaɗanya ko basilin don kada kantar ta bushe ta yi faso, domin faso ƙofa ce ga datti.

In ta warke, ka fara da minti 10 zuwa 15 ba takalmi a filin da ka bi da ƙafa ka tsince, kwana 2 ko 3 a mako, sauran ranakun da takalmi, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako. Taku gajere, kada ka miƙa ƙafa can gaba. Bayan kowane gudu ka zauna ka juya tafin ƙafarka ka duba. In ka ji ciwo a wuri ɗaya a bayan ƙafa wanda yatsa ɗaya ke iya nunawa, kuma yana ƙaruwa in ka taka, ka tsaya a duba maka ƙashin kafin ka sake fita.